Abin da dashbod ɗin motar Yaya ya koya mini

Sana'ata gyaran waya ce da ƙananan kayan lantarki: rediyo, caja, inbata. Na yi shekaru a gaban teburin liƙi, amma ban taɓa sa hannu a cikin mota ba sai da ta yayana ta kamu da wani ciwo da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Mota ce 'yar Turai, ƙirar 2006, ta shigo ta Kwatano kamar da yawa daga cikin waɗanda ke yawo a titunan Kano. Ana cikin tafiya sai allurar gudu da ta zagayen inji su faɗi ƙasa lokaci guda, fitilun gargaɗi su kama gaba ɗaya, inda lambar kilomita take kuma wasu 'yan layuka su fito a madadinta. In ya tsaya ya kashe ta, sai ta ƙi tashi, ƙaramar jar fitilar makulli tana ta ƙiftawa.

Kafin maganar ta zo gare ni ya riga ya sha wahala. An sa shi ya sayi sabon batir. An canja masa sensar gudu. Daga ƙarshe wani ɗan rewaya ya ce kwamfutar injin ce ta mutu, ya faɗi kuɗin da ya kusa na makarantar yaransa na zango guda. Ranar wata Asabar ya shigo gida ransa a ɓace, muna zaune a zaure yana ba ni labari, sai ya ce in ya daki saman dashbod ɗin da tafin hannu komai yakan dawo.

Na ce, "Yaya, kullum in ka daka tana dawowa?"

Ya ce, "Kusan kullum. Wani lokaci sai na yi sau biyu."

Wannan maganar ta fi duk abin da aka saya daraja, kuma babu wanda ya tambaye shi ita. Maigidana da ya koya mini aiki ya sha gaya mana cewa abin da ya ƙone ba ya farfaɗowa da mari. Rediyon da ke magana in an bubbuga shi, haɗi ne ya saki a wani wuri, kayan cikinsa lafiyarsu ƙalau. Ashe mota ma haka take. Tun daga ranar, duk wanda ya kawo mini gyara sai na zaunar da shi ya ba ni labarin ciwon tukuna: yaushe yake zuwa, da safe ko da rana, a kan kwalta ko a gargada, me yake yi ya tafi. Mai kaya ya fi kowa sanin halin kayansa, ko da bai san sunan ko waya ɗaya ba.

Duk da haka ban fara da cire dashbod ba. Na ɗauko mitar auna lantarki na fara daga abin da ya fi sauƙi. Batir a kashe ya ba ni volt 12.6, da aka tayar da inji ya hau 14.2, wato altaneta na caji yadda ya kamata. Na bi fiyus ɗaya bayan ɗaya da mita, domin ido na ruɗi, fiyus kan tsinke ta inda ba a gani. Na kwance wayoyin negatif da ke ɗaure a jikin ƙarfen mota, na kankare tsatsa, na mayar na ɗaure. Wannan aikin ba ya burge kowa, ba ya kuma ɗaukar awa guda, amma allurai masu rawa da yawa a nan maganinsu yake.

Sai na jona 'yar na'urar karanta matsala a soket ɗin OBD da ke ƙarƙashin sitiyari, mai ramuka 16, wanda Amurka ta wajabta wa motoci tun 1996, Turai ta bi baya. Lambobin da suka fito duk da harafin U suka fara, cikinsu har da U0155. Na koma na yi karatu. Harafin P na inji da giya ne, B na kayan jikin mota, C na birki da ƙafafu, U kuwa na sadarwa ne tsakanin kwamfutocin motar. Ma'anar U0155 ita ce an daina jin ɗuriyar allon mita, wato fuskar nan ta gaban direba da allurai da lambar kilomita suke. Inji bai ce yana ciwo ba, cewa ya yi abokin maganarsa ya yi shiru.

A nan na gane cewa tunanina ya tsaya a zamanin 504, wadda kamfanin Peugeot na Kaduna ya yi shekaru yana haɗawa. A irin waccan motar wata igiyar ƙarfe ce ke tasowa daga giyabos tana juyawa, ta juya maganaɗisu a bayan mita, shi kuma ya ja allura. In allura ta mutu, igiyar za ka fara dubawa. Motar yanzu ba haka take ba. Allon mita kwamfuta ce mai zaman kanta, kowace allura da ɗan ƙaramin motonta, saƙon gudu da zafi da zagayen inji kuma yana iso mata ne ta wayoyi biyu da aka tufke tare. Sunan wannan hanyar CAN, kamfanin Bosch na Jamus ne ya fito da ita a 1986. A motar Yaya har tantance makulli ta allon mitar yake bi, shi ya sa in allon ya yi shiru inji ke ƙin tashi, a zatonsa ɓarawo ne ya zo.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda ake auna lafiyar wannan hanya da mita ta talaka. A kowane ƙarshenta akwai rizista, ɗan abin da ke takaita wucewar lantarki, mai awon om 120. Biyun in suna haɗe, abin da za ka gani tsakanin rami na 6 da na 14 na soket ɗin OBD shi ne om 60, bayan ka cire kan batir. Na auna, na ga 60. Na ce wa ɗan Yaya ya zuba wa mitar ido, ni kuma na zura hannu ta bayan dashbod na ɗan matsa damin wayoyin da ke shiga allon. Yaron ya ce, "Baffa, ta koma 120!" Wato rizista ɗaya ya fita daga haɗin. Na saki, ta dawo 60. Na sake matsawa, ta sake tsalle. Ciwon da ya yi wata huɗu yana ɓuya ga shi a tafin hannuna, ina kunna shi ina kashewa. Ciwo mai zuwa ya tafi ba a kama shi yana barci, sai ka tsokane shi ya motsa a gabanka, mita na jone.

Cire allon bai yi wuya ba. Na bar batir a cire na ɗan lokaci saboda jakar iskar sitiyari, na sauke sitiyarin ƙasa, na kwance sukurori da sukudireba mai bakin tauraro, na zare soket. Na shimfiɗa farin ƙyalle a kan tabarma a tsakar gida inda haske yake. Da ido kawai, bod ɗin lantarkin da ke cikin allon tsaf yake, babu ƙuna, babu wari. Sai da na sa gilashin da nake duba bod ɗin waya da shi, na karkata shi wajen rana, sannan na gani: a gindin ƙafafun soket, inda dalma ta riƙe su, akwai zobe siriri kamar gashi ya zagaye ƙafa. Na ƙirga bakwai. Na taɓa ɗaya da bakin allura, ta motsa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Soket ɗin ne ke ɗauke da nauyin damin wayoyi, kowane rami a titi yana girgiza shi. Ga kuma zafi. A watan Afrilu Kano kan haura digiri 40, motar da ta wuni a rana kuwa dashbod ɗinta ba ya taɓuwa. Ƙarfe da roba da dalma kowanne da yadda yake buɗewa in ya ji zafi, ya tsuke in ya huce. Yau da gobe, shekara kusan ashirin, dole wani wuri ya tsage. Na tsotse tsohuwar dalmar, na shafa man liƙi, na sa sabuwa irin mai kashi 63 kuza da 37 zallar dalma, wadda ke narkewa a digiri 183. Ba bakwai ɗin kaɗai na yi ba, duk layin na bi, don wadda ba ta tsage yau ba tana hanya. Aikin da kansa bai kai minti arba'in ba.

Kuskurena a allurai na yi shi. Kafin a kai ga bayan bod sai an zare su, na kuwa zare da ƙananan cokula biyu, ɗaya ta kowane gefe, don kada sandar moton ta lanƙwashe. Wannan na yi daidai. Abin da ban yi ba shi ne sa alama a inda kowace allura take kwanciya. Da na zo mayarwa sai na kimanta da ido. Mota ta tashi, fitilun gargaɗi suka mutu, muka yi hamdala. Kwana uku bayan haka Yaya ya kira ni daga hanyar Wudil: mota ta tsaya, allurar mai na nuna saura kwata, tanki kuwa babu ko ɗigo. Yana tare da iyalinsa, da rana tsaka. Abin ya dame ni ƙwarai, domin kafin in taɓa motar allurar mai ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. Na gyara babban ciwo na haifar da ƙarami, ƙaramin kuma shi ya bar mata da yara a bakin titi.

Na sake buɗewa. Wannan karon mun cika tanki, na jona allon ba tare da gilashinsa ba, na kunna makulli, na ɗora allurar mai a kan alamar cikawa. Ta zagayen inji na daidaita ta da lambar da na'urar OBD ke nunawa, ta zafi na jira inji ya ɗumama, ta gudu kuma muka gwada ta da GPS na waya a kan titi miƙaƙƙe. Yanzu ko agogon bango aka kawo mini, sai na ɗauki hoto na manna 'yar takarda a inda hannu yake kafin in zare shi.

Da labari ya bazu a unguwa, wani mai sayar da motoci ya same ni a shago. Ya san lambar kilomita a cikin wani ɗan ƙaramin cif take a kan bod ɗin, ya kuma san mai gyaran waya na da na'urar karanta irinsa. So yake in rage wa motoci biyu tafiya kafin ya kai su kasuwa. Na ce masa, "Alhaji, ka yi haƙuri, wannan ba na yi." Ya ce kowa na yi. Wataƙila haka ne, amma wanda zai sayi motar da wannan lambar zai san lokacin canja bel ɗin inji, da ita zai yanke shawarar ɗaukar iyalinsa zuwa Maiduguri ko a'a. Na riga na ga abin da allura ɗaya mai ƙarya ta jawo a hanyar Wudil, kuma wancan ba da gangan ba ne. Hadisin da Muslim ya ruwaito a kan algus a ciniki bai bar wa kowa ƙofa ba. Saboda wannan cif ɗin ne ma nake hana mutane gaggawar sayo allon mita na hannu a Ƙofar Ruwa: yana zuwa da kilomitar wata mota, a motoci da yawa kuma ba zai yarda da makullinka ba sai an haɗa su da kwamfuta. In naka na gyaruwa, gyara shi ya fi.

Bayan wata uku, da zafi ya wuce damina ta sauka, na roƙi Yaya ya bar mini motar na yini ɗaya. Na cire kan batir, na sa mita a rami na 6 da na 14, na zura hannu na ja damin wayoyin hagu da dama, da ƙarfi fiye da na farko. Lambar ta tsaya a 60. Na ɗaure damin da igiyar roba a jikin ƙarfe don nauyinsa ya sauka daga kan soket, na rubuta ranar da lambar kilomita a littafin aikina, na kai masa makullinsa kafin la'asar.