Wake a ƙarƙashin rumfar inabi

Daga Zariya har Hunƙuyi, in aka ga ƙasan rumfar inabi fes, ko tsinken ciyawa babu, sai a ce mai gonar ba rago ba ne. Ni kuwa da damina wake nake shukawa tsakanin layuka, irin SAMPEA ɗin nan na cibiyar binciken noma ta Samaru. Da kawuna ya gani cewa ya yi, "Kai ɗan nan, kishiya ka yi wa inabin?"

Kishiyar ce kuwa. Saiwar wake tana shan ruwa da taki a sama-sama, daidai inda ƙananan saiwoyin inabi suke. Da kurangar ta ji matsi sai ta tura saiwa can ƙasa, inda laima ke daɗewa. Abin da nake nema ke nan, don ranar da injin ban ruwa ya ƙi tashi da rani, wadda saiwarta ta nutsa ba ta saurin yanƙwanewa.

In waken ya fara fure, tumɓuke guda ɗaya ka duba ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar. Fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, to ƙwayoyin bakteriya suna aiki, suna kamo sinadarin naitirojin daga iska, wanda muke saye da tsada a buhun yuriya. Sai dai yawancinsa yana jikin ganye da reshe, ba zai kai ga inabi ba sai sun ruɓe a wurin. Nan ake yin ta, domin harawa kuɗi ce, masu kiwon raguna har gona suke biyo ta. Ni dai in na tsinke waken, yanke ta nake yi in shimfiɗa. Ɗaga shimfiɗar bayan kwana biyu ka gani: ƙasa a sanyaye, ga gara ta huhhuda ta, ruwa na shigewa maimakon ya kwanta.

A Faransa wasu kan bar ciyawa tsakanin layuka duk shekara, da gangan, don rage wa kuranga yawan ganye. Mu hakan ba zai yi mana ba. Daga Nuwamba zuwa Afrilu kowane ɗigon ruwa da fetur ake jawo shi, ba zan shayar da ciyawa ba.

Kuma ina barin kamu ɗaya fili a gindin kowace kuranga. In wake ya cunkushe wurin a watan Agusta, iska ba ta ratsawa, cutar ganye sai ta samu wurin zama.