Alhamis: jemagun bayan gida, daga Magariba zuwa Isha'i

Ruwan daren jiya ya jiƙa ƙasa sosai, don haka tun la'asar na san yau shinge zai fito, jemagu kuma za su sha shagali. Rana ta faɗi wajen ƙarfe 6:50, kamar yadda take yi a Kano a watan Yuni. Matsalar kallon jemagu ɗaya ce: fitowarsu tana karo da sallar Magariba. Minti 10 zuwa 20 bayan faɗuwar rana suke fara fita, wanda ya tsaya hira a ƙofar masallaci sai ya tarar an watse.

Wurin zama shi ne rabin aikin. A ba gabas baya, a fuskanci yamma inda sauran haske yake, yadda bakin rufin kwano zai fito baƙi ƙirin a jikin sama. Ba a haska tocila, domin haske a bakin ramin yana sa su noƙe su ƙi fita.

Na farko ya faɗo 7:08 daga tsagin da ke tsakanin kwano da katakon bakin rufin ɗakin ajiya. Faɗowa yake yi, ba tashi ba: ya saki jiki ƙasa kamar kamu biyu, sannan ya buɗe fiffike ya wuce. Tsagin bai kai faɗin babban yatsa ba, santimita 2 ta ishe su. Daga nan sai bibbiyu, uku-uku. Na riƙa jefa tsakuwa a gwangwani duk wanda ya fita, zuwa 7:30 tsakuwa 37. Da zarar an ga wani ya dawo ya shiga sai a tsayar da ƙirga, in ba haka ba a ƙirga ɗaya sau biyu.

Waɗannan su ne ƙananan masu wutsiya irin ta ɓera, nauyin kowanne bai wuce giram 10 zuwa 12 ba. Fiffikensu dogo ne siriri, shi ya sa suke yin sama can, da gudu, a miƙe. Waɗanda suke kewaya fitilar sola ta kan layi wasu ne daban, sun ɗan fi girma, cikinsu rawaya-rawaya. Manyan nan kuwa da suke wucewa a jere suna kaɗa fiffike a hankali kamar hankaka, faɗinsu kusan santimita 80, ba ruwansu da ƙwaro. 'Ya'yan darbejiya da ɓaure da mangwaro suke nema. Su ne masu ɓata tsakar gida da kashi mai ƙwallo, su ne kuma suke yi wa furen kuka barbara da dare. Mutane suna haɗa su duka su kira jemage, laifin wancan ya hau kan wannan.

Ƙarfe 7:20 shinge ya turnuƙe fitilar. A nan ake ganin farauta ƙuru-ƙuru. Jemagen yana tafe sai ya karkace kwatsam kamar an fizge shi da zare. Ba koyaushe da baki yake cafka ba: yakan doke ƙwaron da fiffike, ya tare shi a fatar da ke tsakanin ƙafafunsa, ya sunkuyar da kai ya ɗauke, duk a sama. Wani ya wuce daf da fitilar, sai ga fukafukan shinge biyu suna saukowa a hankali babu mai su.

Da amsa-kuwwa yake gani, in za a ce haka. Yana fitar da ƙara mai tsinin da kunnen mutum ba ya ji, ya saurari yadda ta dawo. Yayin nema yakan yi ta kamar sau 10 a daƙiƙa ɗaya, in ya kusa kama ƙwaro ta kai kusan sau 200. Donald Griffin ne ya tabbatar da haka a jami'ar Harvard ta Amurka wajen 1940. Kuma ba makaho ba ne, idonsa yana aiki.

Sai batun sauro, inda aka fi yin ƙari. Ana yawan cewa jemage ɗaya yana cin sauro 600 ko ma 1,000 a awa guda. Asalin maganar wani gwaji ne na 1960, shi ma na Griffin da abokan aikinsa: an saki jemagu a ɗakin da aka cika da sauro, suka kama wajen 10 a minti ɗaya na ɗan lokaci, daga baya mutane suka ninka da 60. A fili ba haka abin yake ba. Sauro ɗaya bai wuce miligiram 2 da ɗoriya ba. Jemage mai giram 10 da yake neman abinci giram 4 a dare sai ya kama sauro kusan 2,000 kafin ya ƙoshi, alhali shinge ko ƙwaron fitila ɗaya ya fi sauro da yawa auki. Yana cin sauro, musamman mazan da suke cincirindo a saman katanga da almuru, amma ɗan taɓa-ka-lashe ne. Macen da take kawo zazzaɓin cizon sauro kuwa cikin ɗaki take shiga da tsakar dare, inda ba jemage. Gidan sauro yana nan daram. Tsohuwar taya da fasasshen tulu ma a kife su, domin ƙwan sauro kwana 7 zuwa 10 yake yi a ruwa ya zama mai cizo.

A ganina masarar bayan gida ce ta fi cin moriyarsu. Tsutsar nan mai cinye zuciyar masara, wadda aka fara gani a Najeriya a 2016, uwarta da dare take tashi, tana zuba ƙwai 100 zuwa 200 a ganye ɗaya, kuma takan kai 1,000 kafin ta mutu. Duk wadda jemage ya cafke kafin ta sauka, an huta da zuriyarta. Hakan bai ɗauke duba gindin ganye da safe ba.

Kafin duhu ya gama rufewa na duba ƙasan tsagin. Kashinsu baƙi ne kamar ƙwayar shinkafa, yana kama da na ɓera. Gane su ba wuya: a murza da tsinke. Na ɓera tauri gare shi, na jemage nan take yake zama gari, da ɗan ƙyalƙyalin ɓawon ƙwari a ciki. Taki ne mai ƙarfi, amma kada a share shi a bushe. Ƙurarsa tana iya ɗauke da ƙwayar cutar huhu, sai a yayyafa ruwa, a rufe hanci da takunkumi, sannan a kwashe.

Jemagen da aka tarar a ƙasa ba a ɗaukarsa da hannu, galibi mara lafiya ne, a kifa masa kwano a hana yara da mage. In ya yi cizo ko yaƙushi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, a tafi asibiti ranar don allurar cutar haukan kare, ko da ciwon bai fi sukar allura ba.

In warinsu ya ishi mutum a silin, kuskuren da aka fi yi shi ne toshe ramin da rana ko fesa fiya-fiya. Sai su mutu a ciki, wari ya ninku. Yanzu ma da damina akwai 'ya'yan da ba su iya tashi ba. A bari sai kaka ta wuce, a rataya tsohon gidan sauro a kan tsagin, a kafe sama da gefe biyu, a bar ƙasa a sake ya sauko kamar kamu ɗaya. Za su zame su fita, komawa ta gagara. Bayan dare 5 zuwa 7 sai a liƙe da siminti ko katako.

An kira Isha'i 8:05. Shinge ya ƙare, tururuwa sun fara jan fukafukai a gindin fitila, jemagu biyu kawai suka rage suna kewayawa. Gobe zan sake ƙirga daga kusurwar kudu, don na ji motsi ta can ma.