Godiya ga waɗanda suka tsaya mini har biza ta fito

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki, na Garwa a nan Kamaru da na nesa. Alhamdu lillahi, bizar zuwa wajen maigidana a Faransa ta fito. Ba zan samu bin kowa gida-gida ba, shi ya sa na rubuto a nan.

Mu a wajenmu, in an taru a masallaci an biya sadaki, an raba goro, an shafa fatiha, magana ta ƙare. Hukumar Faransa kuwa auren meri, wato na ofishin magajin gari, kaɗai take lissafawa, shi ma da sharaɗi. Da yake maigidan yana da takardar ɗan ƙasar Faransa, sai da ya nemi takardar izinin aure daga ofishin jakadancinsu, aka liƙa sanarwa kwana 10 a merin garin da yake zaune, sannan aka kira mu tambayoyi, shi a can, ni a Yawunde, a ga ko bakinmu zai zo ɗaya. Tun dokar 2006 suka ƙara tsanantawa saboda masu auren bogi don takarda, kuma in suka yi shakka sai su tura dosiye, wato takardun auren, wajen mai gabatar da ƙara a birnin Nant na Faransa, a yi ta jira. Ban ga laifinsu ba, masu auren bogin ne suka ja mana.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne yadda zan bayyana aurenmu ga wanda bai san al'adarmu ba. Aka ce a ina muka haɗu. To ɗan goggona ne, a tsakar gidan kakarmu na buɗe ido na gan shi. Aka ce ina hotonmu tare ranar ɗaurin aure. Wace amarya ce take zuwa wajen ɗaurin aurenta? Ina can ƙuryar ɗaki a lulluɓe, ƙawaye sun kewaye ni. Har sunansa, da ban taɓa kamawa a gaban mutane ba, ranar sai da na faɗe shi ɓaro-ɓaro, da ranar haihuwarsa, da irin aikinsa, da yawan ɗakunan gidansa.

Kawu, Allah ya saka maka da Aljanna. Kai ka bi shaidun ɗaurin aure ɗaya bayan ɗaya a kan babur cikin ranar Garwa, kowa ya sa hannu ya ba da kwafin katinsa na ɗan ƙasa. Inna, duk rasit ɗin Western Union da kika dinga cusawa a gwangwanin Nido muna yi miki dariya, su suka nuna tun yaushe yake aiko da kuɗin cefane. Ƙanwata kuma ta kwana tana tono tsofaffin saƙonninmu na WhatsApp, tana karantawa tana tsokanata, Allah ya kai mu lokacinki in rama. Malamin da ya zauna ya mayar da su Faransanci, na Hausa da na Fulatanci, ya ƙi karɓar ko dala, Allah ya raya masa zuriya.

Yaya da matarsa a unguwar Birketiri ta Yawunde, na sauko daga jirgin ƙasan Ngaundere da safe a gajiye, na tarar da ruwan zafi da kunun gyaɗa. Anti ce ta raka ni har bakin ofishin jakadancin, ta zauna a waje da carbinta har na fito. Ba zan manta ba.

Ranar auren meri, da aka tambayi maigida mace ɗaya ko fiye, ya ce ɗaya, domin Faransa ba ta yarda da na biyu ba. Abokansa har yau ba su bar shi ya huta ba, ni kuwa ban ce komai ba.

Bayan an shigar da auren a rajistarsu an ba mu littafin iyali, sauran ya zo da sauƙi. Matar ɗan ƙasa ba ta biyan kuɗin biza, sai dai in na sauka dole in tabbatar da ita ta intanet cikin wata 3. 'Yan uwa mata masu wannan hanya a gaba, kada ku yar da rasit, kada ku goge saƙo, kuma ku daure ku ɗauki hoto da shi ko da kunya za ta kashe ku.

Za a yi 'yar walima a gidan Baba ranar Juma'a bayan la'asar, kowa ya zo. Wanda na ɓata wa, don Allah ya yafe mini. Ku kuma sa wata ƙawata a addu'a, nata dosiyen yana Nant har yanzu.