Ɓoye Maɓalli Ba Rufe Ƙofa Ba Ne

Ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, ɗan ƙanwata ya zo gidana a nan Garwa ya nuna mini manhajar intanet da yake rubuta wa wata makaranta domin karɓar kuɗin ɗalibai. Ya raba masu amfani da ita matsayi uku: shugaban makaranta, mai karɓar kuɗi da malami. Ya shiga a matsayin malami, ya ce, "Kawu, ka gani, maɓallin yafe kuɗi bai fito ba, shugaba kaɗai ke ganinsa." Na tambaye shi wane ne zai tare malamin idan ya aika kiran, wato umarnin da maɓallin ke aikawa, kai tsaye zuwa sabar, kwamfutar da ke gudanar da manhajar, ba tare da ya danna komai ba. Ya ce ai malami bai san sunan kiran ba. Gabana ya faɗi, domin da wannan amsar na taɓa kwantar wa kaina da hankali.

Shekarun baya na rubuta wa wata ƙungiyar 'yan kasuwar albasa da hatsi manhaja, suna da rassa a Garwa da Marwa da Ngaundere. Na yi amfani da JSON-RPC, tsarin da burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ke aika sunan aikin da take so da bayanansa, sabar kuma ta aiwatar ta mayar da amsa. Dukan kiraye-kirayen ta adireshi ɗaya suke shiga, saboda haka da na sa binciken kalmar sirri a bakin wannan adireshin sai na ɗauka na gama. Sabar tana tambayar mutum wane ne shi, amma ba ta taɓa tambayar ko matsayinsa ya ba shi ikon aikin da ya nema ba. Mafi muni, matsayin ma burauza ce ke aiko shi a cikin saƙon, ni kuwa na karɓa ban tantance ba.

Wani magatakarda a ɗaya daga cikin rassan ya danna F12, maɓallin da ke buɗe kayan binciken burauza, ya ga yadda kiraye-kirayen ke tafiya, ya gano sunan wanda ke soke bashi, ya riƙa share wa danginsa abin da ake bin su. Watanni suka shuɗe kafin lissafi ya ƙi haɗuwa, kuma wanda aka fara tuhuma shi ne ma'aji, dattijon da bai taɓa cin ko dala ba, don kowa ya san shi kaɗai ke da wannan maɓalli. Ban ajiye tarihin wanda ya aika kowane kira ba, shi ya sa wanke shi ya ɗauki lokaci. Har yau idan mun haɗu a masallacin Juma'a yana gaishe ni da fara'a, ni kuwa nauyi nake ji.

Ina da uzuri, kuma ban janye shi duka ba. Ni kaɗai nake aikin, an ba ni makonni kaɗan, wuta tana ɗaukewa, kuɗin bai taka kara ya karya ba, shugabannin ƙungiyar da bakinsu suka ce su duka 'yan uwa ne, kada in wahalar da su da matakai. Wanda bai taɓa aiki a irin wannan hali ba zai yi saurin yanke mini hukunci. Amma ilimin yana nan, ni ne ban nema ba. Tun 1975 masana kwamfuta Saltzer da Schroeder suka rubuta cewa a binciki izini a kowane shiga, kuma a hana duk abin da ba a halatta a fili ba. A 1992 Ferraiolo da Kuhn na hukumar NIST a Amurka suka tsara RBAC, wato a ɗaura izini a kan matsayi, sannan a ɗora mutum a kan matsayin. Kuskurena bai tsufa ba, domin a jerin manyan haɗurran manhajojin intanet goma da ƙungiyar tsaron manhaja ta OWASP ta fitar a 2021, lalacewar tsarin izini ce ta zo ta ɗaya.

Na yi niyyar ba ku shawarwari da yawa, ƙannena masu rubuta manhaja, amma ga abin da ya rage. Duk abin da ya fito daga burauza ku ɗauke shi zance ne kawai har sai sabar ta tabbatar. Matsayin mutum daga rumbun bayanai ko daga shaidar shiga mai sa hannun sabar za a karanto shi, a kowane kira, kuma kiran da ba a rubuta wa izini ba ya zauna a rufe. Matsayi kaɗai ma bai isa ba: malami yana da ikon duba maki, amma idan ya canza lambar ɗalibi a cikin saƙon ya ga na wani aji, ƙofar tana buɗe. Ku taƙaita matsayai, domin yawansu ne ke rikitar da mai kula da su. Duk da haka mai karɓar kuɗi da mai yafe bashi kada su zama matsayi ɗaya, ko da hakan ya ƙara yawan da na ce a rage.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda yaran yanzu ke kwafo kod daga intanet su liƙa, shafi ya yi kyau a waya, su ce an gama. Ba sa karanta bayanin kayan aikin da suke amfani da shi, ba su san bambancin lambobin amsar sabar 401 da 403 ba, alhali na farko yana nufin ba a san ka ba, na biyu kuma an san ka amma ba hurumin ka ba ne. Kada ku yarda da kod ɗin da ba ku fahimta ba, kuma kada ku ƙirƙiro naku tsarin shaidar shiga, ku ɗauki wanda aka daɗe ana gwadawa.

Na ce wa ɗan ƙanwata kada ya miƙa wa makarantar komai tukuna. Zai dawo Asabar mai zuwa mu shiga a matsayin malami, mu aika kowane kira da hannu ɗaya bayan ɗaya, mu fara da na yafe kuɗi.