Maƙwabcina da 'yar gangarsa

Yau a kanti nan Gilasgo, ƙasar Sikotland, na tarar da dattijon da ke ƙasan benenmu tsaye gaban kwalaben wiski, yana ɗaga wannan yana ajiye waccan. Ni ba sha nake ba, ya kuma sani, madara ce ta kai ni. Sai na ga ya tsallake masu tsadar duka ya ɗauko wata mai araha, ruwanta ko launin kirki babu. Na ce, "Baba, yau aljihun ne ba lafiya?" Ya yi dariya, ya ce 'yar gangar katako mai cin lita 2 jikarsa ta saya masa, a ciki zai ɗura wiskin ya ƙara nuna. Wai mai tsada ta riga ta sha shekarunta a ganga, in ka sake ɗura ta a ƙarama ɗacin itace ne zai danne ta, ka yi asarar kuɗinka. Gara mai araha, mai ƙarfi, wadda katako bai kama ta sosai ba.

Har gida yana yi min karatu. A ƙaramar ganga ruwan ya fi gogar katako, shi ya sa cikin 'yan makonni launi da ƙamshi ke sauyawa, alhali dokar ƙasar sai an yi aƙalla shekara 3 a ganga kafin a kira shi wiski. Sai ma ya fara cika ta da ruwa, katakon ya kumbura, kada ta yi yoyo. Tun rasuwar matarsa ban ga bakinsa ya buɗe haka ba. Ina jin abin da zai riƙa leƙawa kullum da safe yake nema, kuma ni da ke samansa ban cika ƙwanƙwasa masa ƙofa ba.