Abin da aikin ɗan ƙaramin daji ya koya min a Jidda

'Yan uwa masu tambayata wai wane irin aikin shuka nake yi a Jidda, garin da ruwan saman shekara sau da yawa bai kai milimita 100 ba, to ga shi. Kamfanin da nake wa aiki an ba mu wani fili a kudancin gari, wurin da aka daɗe ana zubar da ɓaraguzan gini, aka ce mu gwada tsarin Miyawaki. Akira Miyawaki masanin tsirrai ne ɗan Japan, ya rasu a 2021, tun wajajen 1970 yake dasa ƙananan dazuka a harabar masana'antu: itatuwan asalin wurin kawai, iri-iri a cakuɗe, kamar uku a kowace murabba'in mita, su yi ta rige-rigen neman rana, a yi ban ruwa da cire ciyawa shekara 2 zuwa 3 sannan a ƙyale su.

Wallahi dashen shi ne mafi sauƙi. Ƙasar ce aiki. Mun haƙa kusan mita guda, muna zaro bulo da rodi da leda, ƙasan kuma gishiri ne, da ta bushe za ka ga fari-fari a sama, sai da muka cakuɗa taki da takin tumaki sosai, muka niƙa ganyen dabino muka lulluɓe wurin da shi. Ranar da na fara yarda da abin, da azahar na cusa hannu ƙarƙashin lulluɓin nan na ji danshi da sanyi, gefe kuma ƙasar da ba a rufe ba ko taɓawa ba ka iyawa.

Sai zaɓen itace. Nan garin kowa wani itace da ake kira damas ya sani saboda saurin girma, amma ba ɗan ƙasa ba ne, ga shan ruwa, ga saiwarsa na shiga bututu. Mu kurna muka sa, da itacen asuwaki, da wasu itatuwan jeji da Larabawa ke kira samur da salam, masu ƙaya da jure fari. Akwai wani dattijo Bahaushe haifaffen Makka da muke aiki tare, ya ga na buɗe ruwa da yawa ya ce "ɗana, rage mata, kurna in ka shagwaɓa ta ba za ta tura saiwa ƙasa ba." Na ce to Baba. Tun daga nan ruwa mai yawa lokaci guda muke bayarwa, sai a jima kafin a sake.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kwafo cunkoson Japan yadda yake. Can ruwan sama ya wadata, nan je ka kwaruruka wajen gari ka ga yadda samur ke tsayuwa nesa da juna, ruwan ƙasan ne bai isa ba. Inda muka cunkusa sosai wasu sun ƙone da zafin Yuli, inda muka ɗan sassauta tazara sun fi kama ƙasa. Saudiyya ta sanar da burin dasa bishiya biliyan 10 a 2021, ina murna da hakan ƙwarai, amma ni abin da ke raina shi ne nawa za su rayu ranar da aka naɗe tiyo. Namu yanzu ruwan da aka tace daga magudanai suke sha, kuma in Allah ya kai mu sanyin baɗi za mu fara rage wa layin gabas mu ga yadda za su yi.