Hoton fuska a bakin ruwa da iyakar gyara mai kaushi

Ba sana'ata ba ce ɗaukar hoto, sha'awa ce da nake ba ranakun hutuna, kuma wurin da na fi zuwa shi ne bakin madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 a kan Kogin Kano zamanin Gwamna Audu Baƙo. Masunta, masu gyaran kwale-kwale da masu sayen kifi su ne akasarin mutanen da nake ɗauka. A 'yan shekarun nan wani salon gyaran hoto ya yaɗu tsakanin matasan da ke wannan harka, inda ake ƙara duhun inuwa, a rage launi, a ƙara kaifin kowane layi, sannan a yayyafa ɗigo-ɗigo a kan hoton domin ya yi kama da na tsohon fim. Ina son salon, ina kuma amfani da shi, amma ina ganin akwai wurin da ya kamata ya tsaya, wato fuskar mutum.

Kafin a kai ga gyara, hasken bakin ruwa yana da halinsa da ya kamata a sani. Ruwa yana mayar da hasken rana, ita kuwa kyamara tana auna hasken wurin gaba ɗaya ta nemi tsaka-tsaki, don haka idan aka tsayar da mutum ruwa na bayansa, sai ta rage haske domin ruwan ya fito, fuskar kuma ta nutse cikin duhu. Maganin wannan shi ne a auna haske a kan fuskar, ko a ƙara shi da mataki ɗaya, ko da ruwan zai yi fari fiye da kima. A waya ma ana iya yin haka, a taɓa fuskar a kan allo sannan a ja alamar rana sama kaɗan. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, ko bayan la'asar sakaliya, domin rana tsaka tana jefa inuwa a ramin ido da ƙarƙashin hula. Hunturu kuwa alheri ne ga mai hoto, saboda hazo yana tausasa rana, yana kuma shafe tsallaken ruwa har mutum da kwale-kwalensa su tsaya su kaɗai a cikin hoton. Farin kwali da aboki zai riƙe daga gefe ya isa ya mayar da haske a kumatu.

Ɗigo-ɗigon da muke ƙarawa a yau da manhajojin gyaran hoto irin su Lightroom ko Snapseed asalinsa ƙwayoyin sinadarin azurfa ne da ke jikin fim, kuma fim mai saurin kama haske, kamar mai lamba 1600 ko 3200, ya fi mai lamba 100 manyan ƙwayoyi. Masu hoto na zamanin baya ba su zaɓe shi domin ado kawai ba, sau da yawa ƙarancin haske ne ya tilasta musu. Wannan kaushi yana yi wa bakin ruwa kyau ƙwarai. Katakon kwale-kwale da ruwa ya ci, igiyar taru, tsatsar ƙusa, taɓon da ya bushe ya tsattsage, gora da ta sha hannu, duk suna ƙara fitowa idan an ƙara musu kaifi, har mai kallo ya ji kamar zai iya shafa su.

Matsalar tana zuwa ne idan aka zuba gyaran a kan hoton gaba ɗaya. Maɓallin ƙara kaifi ba ya bambanta katako da fata. Yana zurfafa kowace tattara, yana mayar da gumi kamar maiƙo, yana fito da tabon da ido bai lura da shi ba, kuma idan aka haɗa da rage launi, baƙar fata sai ta koma toka-toka, ta rasa jan da ke ƙarƙashinta wanda shi ne alamar lafiya. Magidanci mai shekara arba'in, ƙaƙƙarfa, mai iyali da rufin asiri, sai ya fito a hoto kamar tsohon da wahala ta gama da shi. Irin wannan hoton yana samun yabo a intanet, amma abin da yake faɗa game da mutumin ba gaskiya ba ne, kuma wannan yana damuna sosai. Akwai ma tsohon tarihi a bayan lamarin, domin tun shekarun 1950 kamfanin Kodak yana raba wa masu wankin hoto katin gwajin launi mai ɗauke da hoton farar mace, sai a shekarun 1990 aka fitar da mai mata masu launin fata daban-daban. Bai kamata mu da kanmu mu ci gaba da ɓata launin fatarmu da sunan salo ba.

Misali mai kyau shi ne Malick Sidibé, mai ɗaukar hoto na Bamako a ƙasar Mali, wanda ya rasu a 2016; ya ɗauki matasa suna hutun Lahadi a bakin Kogin Neja a shekarun 1970, da fim mai baƙi da fari, kuma a 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta bikin zane-zane na Venice. Hotunansa ba su da santsin hotunan talla, amma mutanen cikinsu suna fitowa da ƙuruciyarsu da alfaharinsu, domin ya san su kuma sun yarda da shi.

Abin da nake yi shi ne raba hoton gida biyu. Manhajojin nan duka suna da kayan aikin da ke ba mutum damar zaɓar sashe ɗaya ya gyara shi kaɗai, don haka nakan ƙara kaifi da duhu a kan ruwa, taru, tufafi da hannuwa, domin kantar hannun masunci shaidar sana'arsa ce, fuska kuwa in bar ta kusa da yadda na gan ta, in ɗan ƙara haske a idanu kawai. Ɗigo-ɗigon nakan sa shi a ƙarshe, kaɗan, a kan komai, domin ya haɗe sassan biyu.

Neman izini ma wani ɓangare ne na aikin. Nakan fara da sallama da gaisuwa, in nemi shugaban masuntan wurin in ce, "Baba, ina neman izinin ɗaukar hoto," in bayyana inda hoton zai je. Ba na juya kyamara wajen mata masu wanki ko yara masu wanka. Idan na gama gyara, mutumin da na ɗauka ne farkon wanda zai gani, in bai gamsu ba kuma ba na wallafawa. Wanda ya gamsu nakan wanko masa a takarda in kai masa, domin WhatsApp yana matse hoto ya dagula ɗigo-ɗigon, sai dai in an tura shi a matsayin fayil, kuma da yawa daga cikinsu sun fi son abin da za su rataya a ɗaki.